Hawan Caɓɓal Mbabo a tsakiyar marka: mu tafi ko mu dakata?

Tambaya: Baba, mu bakwai ne abokai a nan Garwa ta Kamaru, tare muka yi makaranta. A ranin da ya wuce mun hau dutsen Tingilin, abin ya yi mana daɗi ƙwarai. Yanzu mun yi karo-karo muna so mu hau Caɓɓal Mbabo a watan Agusta, don lokacin ne kawai dukanmu muke da hutu. An ce mana ruwa da hazo sun yi yawa a can a wannan lokaci, amma biyu daga cikinmu sun ce ai ruwa ba ya kisa, kuma hoto ya fi kyau a cikin hazo. Mene ne shawararka, kuma me za mu riƙe?

Amsa: Ɗana, madalla da ka tambaya tun ƙafarka tana gida. Yawancin masu zuwa wurina sai sun dawo suna ɗingishi suke tuna akwai wanda ake tambaya. Shekaru da dama na yi ina aikin malamin dabbobi a tudun Adamawa, kuma da damina shanu a kan tudu suke, sai rani ya yi su gangara kwari neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Inda garke yake nan muke bin sa, a ƙafa, daga wannan ruga zuwa waccan. Don haka na sha dukan ruwan caɓɓal, wato tudu mai tsayi da Fulatanci, iya sha, kuma an ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Mbabo a watan Agusta, ku bakwai, babu ko ɗaya da ya taɓa kwana a kan caɓɓal: ban ba ku shawarar haka ba. Amma ban ce ku zauna a gida kuna kallon juna ba. Akwai dutsen da ya dace da ku a damina, zan zo kansa. Ka fara sanin abin da kuke shirin tunkara.

Tingilin da Mbabo sunan dutse ne kawai ya haɗa su. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ƙololuwar Mbabo kuwa ta haura mita 2,400, a can tsakanin Banyo da Tinyer da Galim, kusa da iyakar Najeriya. Iska tana ƙara sanyi ne da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau. Ka yi lissafin da kanka: tsakanin ƙofar gidanku da saman Mbabo akwai ratar kusan digiri 14. Ranar da kuke digiri 28 a Garwa kuna cewa gari ya yi luf, can sama yana wajen 14, tun iska ba ta kaɗa ba, tun ruwa bai taɓa ku ba. Ka taɓa hawa gangaren nan na Wak a mota, kan hanyar Ngaundere, ka ji yadda fasinja ke rufe gilashi? To Ngaundere wajen mita 1,100 ce kawai. Ko rabin tsayin Mbabo ba ta cika ba.

Abokanka biyu da suka ce ruwa ba ya kisa, ka gaya musu sun faɗi rabin gaskiya. Ruwan Garwa ya dake ka, ka shiga gida ka sake riga, shi ke nan. A kan dutse ba gidan shiga. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska har kusan ninki 25, in kuma iska tana kaɗawa a kan jiƙaƙƙiyar riga sai ta riƙa zuƙe ɗumin kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Jikin ɗan Adam a digiri 37 yake aiki. Da zarar ya sauka ƙasa da 35, an shiga matsala, kuma ba sai an ga ƙanƙara ake kaiwa nan ba. Ruwa da iska da yunwa da gajiya sun isa. Mugun abin shi ne, wanda sanyin ya kama ba shi ne zai fara sani ba. Da fari zai yi ta karkarwa, haƙora na haɗuwa. Daga nan sai ka ga yana yawan tuntuɓe a inda ba dutse, harshensa ya yi nauyi, ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, ka yi masa magana ya hau ka da faɗa ba dalili, ko ya ce ku wuce shi zai ɗan kishingiɗa. In karkarwar ta tsaya alhali hankalinsa bai dawo ba, kada ku ce ya samu sauƙi, abin gaba ya yi. Na taɓa ganin haka ga wani saurayi da muke tafiya tare, ƙaƙƙarfa, ɗan ƙwallo, wanda tun safe yake yi mana dariya wai muna tafiyar tsofaffi. Wandon jins ne a jikinsa da riga ɗaya, bai karya ba. Kafin la'asar mu biyu ne muke riƙe da shi. Matar wani makiyayi ce ta cece mu: ta sa muka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, muka naɗe shi a bargo kusa da murhu, ta dama masa kunu mai zafi da suga. Abin da ake yi ke nan ko a ina: a raba shi da jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa mai sanyi ko da jakunkuna za a shimfiɗa, a rufe masa kai, a tare masa iska, a ba shi abu mai ɗumi mai zaƙi muddin yana iya haɗiya da kansa. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi.

Yanzu hazo, wanda shi ne ainihin tambayarka.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran abu biyu da ita. Hazon hunturu ƙura ce daga hamada, busasshiya, tana rage gani amma kana hango bishiya daga nesa. Na damina a kan dutse kuwa gajimare ne da kansa, kai ne ka hau ka same shi a gidansa. Iskar damina tana tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da laima, in ta ci karo da dutse dole ta hau, tana hawa tana sanyi, sai laimar ta zama ƙananan ɗigon ruwa. Shi ya sa yake zuwa ba sallama. Kuna zaune kuna hangen kwari har iyakar ganinku, ku sunkuya ku buɗe ƙullin gyaɗa, ku ɗaga kai, babu kwari babu dutse, wanda ke taku goma daga gare ka ya zama inuwa. Akwai kuma wanda yake kwana a cikin kwari bayan ruwan dare, wannan rana tana ɗagawa yake watsewa, shi ne mai kyau a hoto in kana samansa. Na Agusta a kan Mbabo ba shi da wannan kunyar. Yana iya wuni, ya kwana, ya sake wuni. Ku sha wahalar kwanaki ku kai ƙololuwa, abin da za ku ɗauko a waya bai wuce farin bango ba da fuskoki bakwai a jiƙe.

Saman caɓɓal ba kamar yadda kake zato ba ne. Fili ne na ciyawa mai tudu da gangare, wannan tudun kamar wancan, turbobin shanu ɗari sun sassarƙe, kowace tana kama da hanya. Ta gefen arewa kuwa filin yankewa yake yi a tsaye, gangare mai zurfi da kurmi a jikinsa, ya faɗa can ƙasa wajen Dodewo. Da rana tsaka wannan bakin shi ne abin kallo. A cikin hazo ba ka ganinsa sai ka zo kansa.

Kuma mutum ba ya tafiya a miƙe in ba ya ganin abin da zai auna da shi. A 2009 wasu masu bincike a Jamus sun gwada wannan: suka sa wa mutane na'urar bin sawu, suka sake su a wani daji, wasu kuma a hamadar Tunisiya, suka ce su miƙe sak. Waɗanda ke ganin rana sun miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe musu ita sai suka yi ta zagaye suna tsallake sawun kansu, suna rantsuwa a miƙe suke. Makiyaya sun riga Turawan sani, amma su ba su rubuta ba. Ni kaina abokin aikina ya taɓa ɓace mana haka. Muna hutawa, ya ce zai ɗan zagaya, ya bi bayan wani tudu saboda kunya. Hazo ya sauko. Ya gama ya juyo, a ganinsa wurinmu ya nufo. Awa kusan uku muna nemansa. Muna kira, muryar tana dawo mana ta wani gefen, shi ma yana jin mu amma ya rasa ta ina. Da yake yana ta tafiya, duk inda muka bincika ya riga ya bar wurin. A ƙarshe ɗan rakiyarmu ya ce kowa ya zauna, ya ɗauki tukunyar shayi da cokali ya yi ta bugawa ba tsayawa daga wuri ɗaya. Sautin ya bi har ya iso, tsamo-tsamo, takalmi ɗaya a hannu. Da gari ya washe muka ga inda ya yi ta kewayawa, ko jifa biyu bai kai ba daga inda muke.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce. Hazo in ya rufe, a tsaya, a haɗu, a ƙirga kai. Mai zagayawa ya tafi da wani, ya tsaya masa nesa kaɗan yana gyaran murya. Wanda ya ga ya ɓata ya zauna inda yake, ya sa rigar ruwa, ya yi ta busa usur. Usur ɗin roba na alƙalin wasa ya isa, kowa ya rataya nasa a wuya, ku yi alkawari tun a gida cewa busa uku a jere na nufin a zo. Murya tana dishewa cikin rabin awa, usur ba ya dishewa.

Amma bari in gaya maka abin da na fi tsoro a tafiyarku, kuma ba a sama yake ba, a cikinku yake. Ku abokai ne, sa'o'in juna, kun saba da tsokana. A irin wannan tawaga babu mai son ya zama na farko da zai ce mu koma, don ya san har ya yi jika ana ba shi labari a majalisa. Kowa yana jin sanyi, kowa ya ga hadarin, kowa yana jira wani ya faɗa. Ga kuɗin da aka tara, ga hutun da ba zai dawo ba sai baɗi, ga ƙololuwa ana cewa saura kaɗan. To a kan dutse saura kaɗan ɗin nan ƙarya ce mafi yawan lokuta: ka hau tudun da kake zaton shi ne ƙarshe ka tarar da wani a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wahalar da na taɓa sha a kan dutse, in na bi salsalarta, a nan take farawa, wurin da ya kamata a juya aka ji kunyar juna.

Maganin wannan a gida ake haɗa shi, lokacin da kowa yake a bushe cikinsa cike. Addini ma ya koya mana cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗaya. Ku zaɓi shugaban tafiya, kuma kada ku zaɓi wanda ya fi kowa ƙarfi ko baki. Ku zaɓi wanda za a yi wa dariya bai damu ba. Sannan ku yanke lokacin juyawa da agogo, misali sha ɗaya da rabi na safe, ku yi alkawari a kai: in lokacin ya yi, ko ana ganin ƙololuwa kamar a miƙa hannu, a juya. Ta haka ba wanda ya ji tsoro, agogo ne ya ce. Ku kuma yarda cewa mutum ɗaya in ya ce ya gaza, tafiya ta ƙare ga kowa. Kada ku bar shi a gindin dutse wai za ku ɗauke shi a dawowa, kada kuma ku rabu biyu. Mafi rauninku shi ke bin bayan ɗan rakiya, kowa ya yi tafiyarsa, wani mai haƙuri ya tsaya a ƙarshe ba mai komawa bayansa.

Me ya sa sha ɗaya da rabi? Saboda hadarin damina ya fi tasowa daga azahar zuwa yamma, yawanci ta gabas, kuma a yankinmu rana tana faɗuwa tsakanin shida da kwata zuwa shida da rabi a Agusta, duhu kuma ba ya jinkiri. In akwai gajimare tun biyar da rabi kurmi ya yi duhu. Akwai wani lissafi da wani mahayin dutse ɗan Sikotilan mai suna Naismith ya fitar a 1892, har yau ana amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Tafiyar kilomita 12 zuwa da dawowa mai hawan mita 900 ta kama kusan awa 4 ke nan. Wannan na mai ƙarfi ne a busasshiyar hanya. Ni da damina ina ƙara rabinsa, ya zama 6, sannan in sa lokacin salla da cin abinci da na mai cire ƙaya. Ka ga wanda bai bar masauki da an sallame asuba ba ya riga ya makara.

Saukowa ta fi hawa cin mutane, wannan ka riƙe shi. Ƙafa ta gaji, gwiwa tana rawa, hankali ya riga ya tafi gida. Jar ƙasar Adamawa in ta sha ruwa sabulu ce, falalen dutse mai gansakuka ya fi ta, jiƙaƙƙiyar ciyawa a kan gangare ta fi su duka, don in ka zame a kanta ba abin da zai tare ka. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu, ɗayan hannun ba komai a ciki, ba waya ba. Ba banza Bafulatani ba ya rabuwa da sandarsa ba. A gangare mai duwatsu kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani.

Sai mayo, wato rafi da Fulatanci. Ƙoramar da kuka tsallake da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar tana iya zama iya ƙirji, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a kanku ba, don ruwan can sama aka yi shi. In ya yi ja, yana ɗauke da rassa, ko kana jin gungurin duwatsu a ƙarƙashinsa, ba a shiga. In mai gudu ne ya wuce gwiwa, ba a shiga. Ruwan dutse yadda yake cika da sauri haka yake janyewa, sau da yawa 'yan awoyi sun isa. Na sha kwana a wannan gaɓar ina hango wutar masaukina a waccan, ban taɓa nadama ba. In kuwa ya kai a tsallaka, da takalmi ake shiga, fuska tana kallon inda ruwan ke fitowa, sanda a gaba, a kwance maɗaurin jaka yadda in an faɗi za a iya yar da ita. Kada a ɗaura wa kowa igiya a ƙugu, in ruwa ya kayar da shi igiyar ce za ta danne shi a ƙasa.

Tsawa kuma a kan caɓɓal ba labari ba ce, makiyaya suna asarar shanu da ita. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar: kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba tana kusa, ku sauka daga kan tudu, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo marar zurfi, ku naɗe laima. A nan kaɗai ne nake cewa ku ɗan warwatsu, taku kamar ashirin tsakaninku amma kuna ganin juna, don in ta faɗo kada ta haɗa ku duka. Ku jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Ka sha jin ana cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono. Babu wutar da ke saura a jikinsa. A taɓa shi nan take, in ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, wannan ne ke iya dawo da shi da ikon Allah.

Kaya ba sai kun kashe kuɗi mai yawa ba, 'yan gwanjo sun wadatar. A bar jins da shadda da duk wani auduga a gida, suna shan ruwa su ƙi bushewa. Rigar ƙwallo ta fi su, da wandon motsa jiki, da rigar sanyi mai laushi ko ta ulu, da rigar ruwa mai hula, da hular sanyi. Kowa ya ƙulle kaya busassu cikakku a leda biyu a ƙasan jakarsa, ba a taɓa su sai an sauka ko an shiga matsala. Takalmi mai ƙwanƙwasa a tafinsa wanda ƙafa ta saba da shi, don sabo cin ƙafa yake. Na robar nan da makiyaya ke sawa ya fi kambas mai sulɓin tafi sau goma. Tocila ga kowane mutum, ba ta waya ba. Babbar leda ko tamfol ɗaya da za ta rufe ku duka. Guzuri mai shiga aljihu a ci ana tafiya: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishin Ngaundere, zuma, da shayi mai suga a filas. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi, sanyi ɓoye ƙishirwa yake, kuma ruwan ƙoramar da shanu ke sha sai an tafasa. Bandeji, maganin ciwon jiki, gishiri da suga. Da yamma kowa ya duba jikinsa saboda kaska.

Waya tana da amfani in an san iyakarta. Abin da ke nuna inda kake daga tauraron ɗan Adam yake karɓa, ba ya buƙatar layi, amma taswirar dole a sauke ta tun a gari, da manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps. A kunna ajiye sawu tun daga masauki, yadda in hazo ya rufe za a bi layin a koma. Kamfas ɗin da kuke duba alƙibla da shi ma kamfas ne, daga Adamawa alƙibla arewa maso gabas take. Sai dai jiƙaƙƙen gilashi ba ya jin yatsa, sanyi yana shanye caji, turbar shanu kuma ba ta cikin taswirar kowa. Waya biyu su zauna a kashe cikin leda.

Maciji ya fi yawa a ƙasa, a gonaki da gindin duwatsu, musamman kububuwa a kwarin Binuwai da wajen Poli, kuma damina ce lokacinsa. Kada a sa hannu a ramin dutse, kada a yi tafiyar dare da silifas. In ya sari wani, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi kamar mai karaya, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi.

Ɗan rakiya kuwa ba abin ciniki ba ne, ko dutsen ƙarami ne. Ku sauka wurin jauro, wato mai gari, ko lamido, ku gaisa, ku faɗi ko ku su wane ne, ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari wanda yake kiwo ko farauta a dutsen. Ku biya ta wurin jandarma da katin shaidarku, ku bar sunayenku da lokacin da za ku dawo. Dalilin ya wuce ɓata. Sassan Adamawa sun sha fama da masu sace makiyaya don kuɗin fansa, mutanen ruga a tsorace suke, da hujjarsu. Ka auna da kanka: samari bakwai baƙi, da jakunkuna a baya, sun ɓullo daga cikin hazo a bayan garke. Fuskar ɗan rakiyarku da sallamarsa da Fulatanci su ne katinku a wurin. Ku riƙe ganyen shayi da suga da goro na gaisuwa, kada ku ɗauki hoton mata ko shanu ba izini. In jauro ya ce kada a hau wannan makon, ko bai faɗi dalili ba, kada a hau. Duwatsun Mandara ma, su Rumsiki mai tsinin nan na mita 1,224 bayan Mokolo, suna da kyau ƙwarai da damina, gonakin da aka daddatse da dutse sun yi kore shar. Amma tun da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013, da abin da ya biyo baya na Boko Haram a bakin iyaka, ba a zuwa can sai an tambayi hukuma halin da ake ciki a ranar.

To ga abin da zan yi da ni ne ku. A Agustan nan ku hau mota zuwa Ngaundere, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, ku kama masauki a gari. Rana ta farko ku hau dutsen Ngaundere da sassafe, wanda dunƙulen da ke kansa ya ba garin suna, dutsen cibiya da harshen ƙabilar Mbum. Gajere ne, gari yana ƙarƙashinku, in ruwa ya dake ku kafin awa ɗaya kuna shan shayi. Ku zagaya tafkin Tizon, ku je ku ga yadda ruwan Vina da na Tello ke zuba a lokacin da suka fi cika, daga nesa, ba a kan jiƙaƙƙen dutsen bakinsu ba. In kun ga kayanku sun riƙe ruwa, kun kuma ga wane ne a cikinku yake yin shiru in ya gaji, kuma gari ya wayi garau, sai ku nemi izini a fadar Belaka, sarkin Mbum, ku gwada dutsen Ngan-Ha ta gabas da gari. Ya haura mita 1,900, yana da alfarma a wurin Mbum, don haka inda aka ce kada a taka kada a taka. Wuni ɗaya, da ɗan rakiya, da lokacin juyawa. A nan za ku ɗanɗani hazon da abokanka ke marmari, a inda kuskure bai cika tsada ba.

Mbabo kuwa ku ajiye shi zuwa ƙarshen Nuwamba ko hutun Disamba. Ruwa ya ɗauke, mayo sun janye, hanyar Banyo ta bushe yadda mota ko babur za su kai ku ƙauyukan gindin dutsen. A lokacin dare a can sama yana da sanyi mai shiga ƙashi, don haka bargo biyu-biyu, kuma ku ware kwana huɗu ko biyar, ba biyu ba. Ragowar kuɗin karo-karon ku bar shi a hannun shugaban tafiya kada ya narke kafin lokacin. In kun tsai da rana ka sake rubuto mini, in gaya maka yadda ake raba kaya tsakanin mutum bakwai da abin da ya kamata a ba ɗan rakiya.